Allo na nuna kashi 34, akwatin wuta ya ɗauke: yadda ake gyara lissafin batirinsa

Mai POS a bakin titi wajen Ƙofar Ƙaura ya leƙa allon akwatin wutarsa ana kiran Magariba, ya ga kashi 34. Hankalinsa ya kwanta, don a lissafinsa wannan zai kai shi har ya tashi: ƙwan fitila biyu ne, ƙaramar fanka, da wayoyi huɗu a caji. Kafin a idar da sallah akwatin ya yi 'yar ƙara ya ɗauke. Ya danna maɓalli, allo ya kawo sifili. Washegari ya sa shi a caji, lamba na hawa sannu sannu har 81, sai kawai ta daka tsalle ta dira a 100. Da ya koma wajen wanda ya sayar masa, maganarsa ɗaya ce: "Alhaji, batirin nan fa ya mutu."

Galibi batirin lafiyarsa lau. Abin da ya rikice shi ne lissafin da akwatin ke yi wa kansa, kuma gyaransa ba ya buƙatar sukurdireba ko mai gyara. Yini ɗaya ne da haƙuri, sai tabbacin inda za a samu wutar caji.

Akwatin wuta nake ce wa abin nan da a kasuwa ake kira fawa siteshin, wasu su ce janaretan sola: batir, inbata, caja da allo duk a gida ɗaya mai hannun ɗauka, irin na EcoFlow, Bluetti, Jackery, Anker da ire-irensu.

Daga ina lambar ke fitowa

Babu wani abu a cikin akwatin da ke leƙa batir ya ga yawan wutar da ta rage, kamar yadda ake tsoma sanda a tankin janareta. Ƙidaya ake yi. Akwai wata 'yar na'urar lantarki a cikin akwatin da ake kira BMS, wato mai gadin batirin, kuma duk wutar da za ta shiga ko ta fita sai ta bi ta kan wani ɗan guntun ƙarfe da masu gyara ke kira shant. Daga nan BMS ke auna gudun wutar, ya haɗa da lokaci, ya ce kaza ta shiga, kaza ta fita, saura kaza.

Ka ɗauki randa mai ƙaramin baki a ɗaki mai duhu. Ba ka ganin ruwan ciki, sai dai ka riƙa ƙirga moɗa: an zuba goma, an ɗebi shida. Ranar farko lissafinka daidai ne. Amma wata moɗar ba a cika ta ba, wata ta zube a hanya, yara na kurɓa ba ka sani ba, randar kuma na tsatsafo. Bayan wata guda kana rantsuwa akwai moɗa goma sha biyu, ka zura hannu ka ji ƙasa. Wuri biyu kaɗai kake da yaƙini: ran da ruwa ya kawo baki, da ran da moɗa ta kankari gindin randa. Haka BMS yake. Yana gyara lissafinsa ne in batir ya cika maƙil ko ya ƙare ƙarƙaf. In an yi makonni yana yawo tsakanin 30 da 80, bai taɓa sama ba bai taɓa ƙasa ba, kuskure ne ke ta taruwa kan kuskure.

Za a ce, me ya hana shi duba bolt ɗin batirin ya gane? Yana dubawa, amma a batirin LiFePO4, wani nau'in batirin litiyam wanda shi ne a yawancin sababbin akwatuna, bolt ba ya faɗin komai a tsakiya. Batir haɗakar ƙananan ƙwayoyi ne, kuma ƙwaya ɗaya ta wannan nau'in tana kaiwa bolt 3.65 a ƙarshen caji, tana ƙarewa a 2.5. To amma daga kusan kashi 20 har zuwa 80 da ɗoriya tana zaune ne tsakanin 3.2 da 3.3 da 'yan kai. Fiye da rabin wutar batirin ke nan ta ɓuya cikin bambancin da bai wuce kashi ɗaya cikin goma na bolt ɗaya ba, kuma zafi ko nauyin kaya kaɗai ya isa ya motsa shi haka. Sai an zo gab da cika bolt ke miƙewa sama, sai an zo gab da ƙarewa yake ruftawa ƙasa. Tsallen nan daga 81 zuwa 100, ko faɗuwa daga 34 zuwa sifili, lokacin ne BMS ya ga bolt ya motsa, ya gane ashe ya ɓata, ya gyara lambar a take. Tsofaffin akwatuna masu batirin NMC, wani nau'in litiyam ɗin daban, wanda ƙwayarsa ke sauka a hankali daga 4.2 zuwa wajen 3.0, ba su cika yin wannan ba, domin bolt ɗinsu na nuna hanya tun daga sama har ƙasa. Shi ya sa wani kan ce tsohon nasa ya fi sabon gaskiya. Sabon ya fi daɗewa nesa ba kusa ba, lissafinsa ne ke son a riƙa tuna masa.

Abin da ya fi saurin ɓata ƙidayar shi ne ƙananan kaya. Shant ɗin da aka yi don auna amfiya ashirin ko talatin ba ya jin ɗigon wuta sosai. Allo da ke kunne, bulutut da wayifai da ke jiran waya, cajar agogon hannu, duk suna ci kaɗan kaɗan, kuma a wasu akwatuna ba duka ke shiga lissafi ba. A ce wat 3 ne ke zurarewa ba a ƙirga ba. A awa 24 ya zama Wh 72 (Wh shi ne wat sau awa, ma'aunin yawan wutar da batir ke ɗauka), wato kusan kashi 7 na akwati mai Wh 1,024. Kwana huɗu a haka, lambar allo ta yi gaba da gaskiya da kusan kashi 28. Wanda ya ajiye akwatinsa wata uku a ƙarƙashin gado ya ɗauko ya ga 90, kada ya yi tafiya Daura da wannan 90 ɗin bai sake cika shi ba.

A nan Katsina akwai ƙarin dalili. Wutar nepa kan zo ta koma kafin akwati ya cika. Mai sola kuma yana ci yana caji duk yini, rana ta faɗi yana kan 70 ko 85. A hunturu ƙura na kwanciya kan farantin sola ta rage abin da yake kawowa, sai a yi sati biyu lambar ba ta ga 100 ba. Wani kuma ya shiga manhaja ya sa iyakar caji a 80 don batir ya daɗe, shawarar da ba ta da laifi, amma ya manta da ita wata shida.

Yadda ake daidaita shi

Kafin komai, tabbatar da inda za ka yi caji bayan ka zuƙe shi. Wannan shi ne sharaɗin da ba a wasa da shi. Batirin da aka kai sifili aka bari kwanaki yana ci gaba da zurarewa a hankali, har ƙwayoyinsa su faɗi ƙasa da iyaka, BMS ya kulle, caja ta ƙi tashe shi. An je gyaran gira an rasa ido. In ba ka da tabbacin wuta ko janareta ko rana cikin 'yan awanni bayan ƙarewarsa, ɗaga aikin zuwa wata rana.

In akwatin na da manhaja a waya, buɗe ta. Mayar da iyakar caji 100, iyakar sauka kuma sifili. Kashe tsarin tsimin wuta da ke rufe soket in kaya sun yi ƙanƙanta, wanda a wasu akwatuna aka rubuta ECO, ka kuma cire lokacin kashe kai na ɓangaren AC, wato soket ɗin da ke ba da wuta irin ta bango. In akwai sabunta manhajar cikin akwatin da ke jira, yi shi yanzu yana da caji sama da rabi, wayar na kusa, kada kuma a kashe shi a tsakiya. Kamfanoni kan gyara hanyar lissafin batir ta wannan sabuntawar.

Sai a cire duk abin da ke jikinsa a cika shi. Lamba ta nuna 100 ba ta isa ba. Duba wajen da ke nuna wat ɗin da ke shiga: in allo na cewa 100 amma har yanzu wat 60 ko 150 na shiga, bai cika ba. Jira har shigar ta koma sifili, sannan ka ƙara masa awa ɗaya zuwa biyu a jone. Haka in ya maƙale a 99 na tsawon lokaci, ƙyale shi. A ƙarshen caji ana rage gudun wuta da gangan, kuma a wannan lokacin ne BMS ke daidaita ƙwayoyin da juna. Mutane da yawa a nan suke zare fulogi don gajen haƙuri, alhali wannan awar ta ƙarshe ita ce rabin maganin.

Yanzu a zare caja, a cire wayar sola, a sa masa kaya masu cin wuta bai-ɗaya. Ƙa'ida mai sauƙi: duba Wh ɗin da aka rubuta a jikinsa, ka ɗora masa wat da ya kai kashi 10 zuwa 20 na wannan lambar. Mai Wh 1,024 a ba shi wat 100 zuwa 200. Mai Wh 500 a ba shi 50 zuwa 100. Mai Wh 256 kuwa 30 zuwa 50 sun ishe shi. Tsohon ƙwan lantarki mai zare, irin mai wat 100 ɗin nan da ke zafi, ya fi komai dacewa in za a same shi, don cinsa ba ya hawa ba ya sauka. In babu, fankar tsaye biyu da talabijin sun yi. Fankar tsaye ɗaya kan ci wat 50 zuwa 70.

Ban da firij da firiza, domin kwamfuresa na tashi yana kwanciya. Ban da dutsen guga, hitar ruwa da butar lantarki. Su waɗannan za su gama aikin cikin awa ɗaya, amma sakamakon na banza ne: kaya mai nauyi na danne bolt ɗin batir ƙasa, BMS ya ga kamar ya ƙare ya yanke, alhali da sauran wuta. Ka koya masa gindin randa a inda ba gindi ba ke nan. Ban kuma da cajin waya ɗaya tilo, wanda zai ɗauki kwanaki kuma shi ne irin ɗigon da ba ya ƙirguwa da kyau.

Ga lissafin lokaci. Ta soket ɗin AC ba a samun duk abin da aka rubuta, inbata na cin nata rabon, abin da ke fitowa kan kama kashi 80 zuwa 90. Mai Wh 1,024 zai ba da wajen 870. A kan wat 150, awa shida ba kaɗan ke nan. In ka fara bayan sallar Asuba, kafin Azahar ya ƙare.

Kada ka tsaya don lamba ta nuna 5, ko 1, ko ma sifili. Akwatin da lissafinsa ya karkata ɗaya ɓangaren kan zauna a kashi 1 yana ba da wuta awa guda cur. Bar shi har ya yanke da kansa. A akwatuna da yawa AC ne ke fara yankewa, allo da ramukan USB su ci gaba da aiki. In haka ne, kunna fitilar jikinsa ko ka jona ƙaramar fitila ta USB har komai ya mutu. Da ya mutu, shi ke nan. Kada a riƙa danna maɓalli ana tilasta masa tashi don a tatse sauran. Abin da ya rage a ciki BMS ya ajiye shi ne don kare ƙwayoyin.

Bar shi ya huta rabin awa zuwa awa ɗaya a inuwa, ya huce. Daga nan a sa caji, babu ko waya ɗaya a jikinsa, har 100, har shigar wuta ta koma sifili, a ƙara awa ɗaya ko biyu kamar farko. In akwai zaɓin gudun caji, a zaɓi matsakaici. Wat 300 zai cika mai Wh 1,024 cikin awa huɗu, ba tare da ya ɗau zafi ba. Caji mai sauri na wat 1,000 da ɗoriya na da ranarsa, amma ba yau ba.

Sau ɗaya kan wadatar. In an ga sauƙi amma da saura, misali da yana mutuwa a 34 yanzu yana mutuwa a 12, a maimaita sau ɗaya ko biyu a cikin satin.

In wuta ta ɗauke a tsakiyar caji

Littattafan da ke zuwa da akwatunan kan ce a yi cajin a jere ba yankewa. Waɗanda suka rubuta ba su zauna layin da wuta ke zuwa awa biyu ta tafi ba. Yankewar wuta ita kaɗai ba ta goge ƙidayar. Abin da ke ɓata ta shi ne a ce, "Bari in ɗan sa wayata kafin a dawo da wuta," sai fanka, sai talabijin, a koma gidan jiya. In an ɗauke, kashe akwatin gaba ɗaya, bar shi a jone, a ci gaba in an kawo. Mai gida ya gaya wa yara da uwargida tun da wuri cewa yau akwatin na jinya.

Janareta na yi, da sharaɗi. Ƙaramin nan na shago mai ƙarfin wat 650 zuwa 800 ba zai ɗauki akwatin da ke jan wat 1,200 ba. Za ka ji injin ya shaƙe, akwatin ya yi ƙas ya saki, injin ya farfaɗo, akwatin ya sake kamawa, haka za su yi ta yi har mai ya ƙare ba a cika komai ba. Rage gudun caji zuwa wat 200 ko 300 a manhaja, ko ta maɓallin da ke bayan wasu akwatunan, kuma a cire sauran kaya daga kan janaretan. In duk da haka yana kamawa yana saki, wutar janaretan ce ke rawa, ba ta tsaya kan bolt 230 da bugu 50 a daƙiƙa da cajar ke nema ba, sai a nemi wani. Wutar nepa da ta zo da rauni, irin wadda fanka ke juyawa kamar ba ta ci abinci ba, ita ma kan sa wasu akwatuna su ƙi karɓa. Sitabilaiza na magance wannan, muddin ƙarfinta ya ɗara abin da cajar ke ja.

Da sola ma ana yi, sai dai a tsara. Farantin da aka rubuta wa wat 200, a zafin rufin kwano, in ya ba da 140 zuwa 160 da tsakar rana ya yi ƙoƙari, safe da yamma kuwa ƙasa da haka. Mai Wh 1,024 daga sifili zai iya cinye yinin bai cika ba. Dabarar ita ce a zuƙe akwatin da daddare yadda zai mutu gab da Asuba, a wanke farantin da ruwa da tsumma mai laushi tun bai yi zafi ba, a jona da hantsi. In rana ta faɗi bai cika ba, a kashe shi ya kwana, a ƙarasa gobe. Cajin mota ta ramin bolt 12 wajen wat 100 yake bayarwa, awa goma da wani abu ke nan, ba wanda zai ƙona mai haka.

Sai zafi. A watan Afrilu da Mayu garin nan na haura digiri 40, cikin kwantena ko shagon kwano kuwa ya fi haka. Yawancin akwatunan nan an rubuta musu iyakar caji a digiri 40 ko 45. In ƙwayoyin suka kai nan BMS kan rage caji ko ya tsayar da shi, sai ka ga lamba ta tsaya cak a 70 da wata alama na ƙiftawa a allo. A bazara a yi wannan aikin da dare ko da sassafe, akwatin a ƙasa kan siminti, nesa da bango da taƙi guda ta ɓangaren fankokinsa. Duba ragar iskar ma. Ƙurar hunturu kan toshe ta har ta zama kamar bargo. Busasshen buroshin fenti ya isa, akwatin a kashe, ba ruwa.

Ka auna, kada ka yi zato

Tunda za a zuƙe shi daga 100 zuwa sifili, asara ce a bar damar ta wuce ba a san ainihin abin da batirin ke ɗauka ba. Akwai 'yar mita da ake sokawa a soket, a soka kaya a jikinta, tana nuna wat da jimillar kWh (kWh ɗaya Wh dubu ne). A sa ta tsakanin akwatin da kayan, a mayar da ita sifili. A riƙa leƙa ta in an zo ƙarshe, don wasu na mantuwa da zarar wuta ta yanke. In babu mita, agogo ya wadatar: wat ɗin da allo ke nunawa sau awannin da ya yi. Wat 150 na awa biyar da rabi, Wh 825 ke nan.

In abin da ya fito ya kai kashi 80 zuwa 90 na rubutun jikinsa, batirin garau yake, lissafi ne kawai ya ɓata. In ya tsaya wajen 70, ya fara tsufa amma da sauransa. In rabi ne ko ƙasa, kuma an maimaita an samu haka, daidaita lissafi ba zai dawo da abin da babu ba. Zai dai sa allon ya daina ruɗin ka, 100 ɗinsa ta zama 100 ta ƙaramin batir. Kamfanoni kan rubuta cewa LiFePO4 na yin zagayen caji wajen 3,000 kafin ya sauko kashi 80 na ƙarfinsa, NMC kuma 500 zuwa 800. Waɗannan alƙaluman na ɗakin gwaji ne mai sanyi. Akwatin NMC da ke kwana a 100 cikin shagon kwano shekara biyu ba zai kai nan ba.

Wani lokaci kuma tun asali ba a zuba abin da aka rubuta ba. Akwatunan da ba su da suna kan buga lamba mai sifilai da yawa a kwali, kamar mAh 80,000. Ninka da bolt 3.7 ka raba da dubu: Wh 296 ne kacal. In kwali bai faɗi Wh ba sam, wannan ma amsa ce.

In ya ci gaba da mutuwa a 15 ko 20

An yi zagaye uku, har yanzu yana yankewa da wuri, kuma abin da mita ta nuna ya gaza. A nan zargi ya koma kan ƙwayoyin. Akwati mai Wh 1,024 na LiFePO4 sau da yawa ƙwaya 16 ne a jere, kowace bolt 3.2, jimilla 51.2, a kan Ah 20 (Ah shi ne amfiya sau awa). BMS na kallon kowace ɗaya. Wadda ta riga cika ita ke tsayar da caji, wadda ta riga ƙarewa ita ke kashe akwatin, ko da sauran goma sha biyar na da wuta. Ayarin raƙuma ne, tafiyar gurgun cikinsu ake yi.

In bambancin na rashin daidaito ne kawai, yana gyaruwa, amma a hankali ƙwarai. BMS na rage wa ƙwayar da ta yi gaba ne ta wata 'yar hanya da ke ɗaukar abin da bai wuce 'yan gomomin miliamfiya ba, kuma sai a saman caji yake yi. In wata ƙwaya ta ɗara 'yan uwanta da Ah 1, a kan miliamfiya 50, awa 20 ake nema. Don haka a yi sati biyu ana cika shi kullum, ana barinsa a jone awa biyu zuwa uku bayan 100, ba tare da an kai shi ƙasa sosai ba, sannan a sake gwajin. In ya ƙaru, a ci gaba. In bai motsa ba, wata ƙwaya ce ta lalace, ko wayar da ke kai wa BMS labarin bolt ta saki, ko na'urar jin zafi ta ciki na ba da labarin ƙarya. Wannan ya wuce gyaran gida.

In da garanti, a koma da shi da rasit, da hoton allo kafin ya mutu da bayan ya mutu, da lambar da mita ta nuna. Wanda ya zo da "wat 150, awa uku da minti goma, daga 100 zuwa sifili, sau biyu" ba a sallamarsa da "je ka ƙara caji". Kwance sukurori kuwa na kashe garantin nan take. Bayan haka ma cikin akwatin ba wurin koyo ba ne: batirin bolt 51 in sifana ta haɗa bakinsa biyu zai narkar da ita, inbata kuma na riƙe wuta mai kisa bayan an kashe. In garanti ya ƙare, a kai wa mai gyaran inbata da batirin litiyam, ba mai gyaran waya ko rediyo ba, a ce ya auna bolt ɗin kowace ƙwaya a cike da kuma a ƙarshe, ya nuna maka lambobin. Wanda ya ce zai tsallake BMS ya haɗa kai tsaye "don ya daina yankewa", karɓi kayanka ka tafi. In kuwa akwatin ya kumbura, ko yana wani wari mai zaƙi-zaƙi kamar na sinadari, ko yana zafi alhali a kashe yake, babu zancen daidaita lissafi. A fitar da shi tsakar gida kan ƙasa, nesa da katifa da galan ɗin fetur, kada a sake sa shi a caji.

Akwai abubuwan da ake kawo ƙara a kansu waɗanda ba laifi ba ne. Lambar awannin da suka rage, wadda ke cewa awa 9 yanzu, anjima ta ce awa 2, tana bin abin da ake ja ne a wannan daƙiƙar, firij ya tashi ta faɗi, ya kwanta ta hau. Akwatin da aka bar AC ɗinsa a kunne ya kwana ba kaya, da safe a ga ya ragu da kashi 10 ko 15, inbata ce ta ci, don ko ba komai a jikinta tana shan wat 10 zuwa 20 ko fiye, gwargwadon girmanta. Masu cajin waya su lura da wannan: caja ta fulogi a soket ɗin AC na sa a biya inbata ladan da ba ta yi aikinsa ba, ramin USB ya fi araha. Sanyin asubahin Janairu ma kan rage abin da batir ke bayarwa kaɗan, ya dawo in gari ya ɗumama. Mai ƙarin batir da ake jonawa ta gefe kuma ya sani kowanne da BMS ɗinsa, allon na nuna haɗakarsu ne, don haka a yi zagayen suna jone tare, a duba lambar kowanne a manhaja.

Wanda ya sayi na hannu da aka shigo da shi daga Amurka ya karanta rubutun da ke kusa da ramin caji kafin ya soka a bango. Da yawansu na bolt 120 ne, wutarmu kuwa 230.

Bayan an daidaita, riƙe shi ba wuya. Mai LiFePO4 ya bar shi ya kai 100 na gaske, har shigar wuta ta tsaya, sau ɗaya a sati ko sati biyu. Mai NMC da ya sa iyaka a 80 ko 90 ya ɗage ta sau ɗaya a wata ya cika, ya yi amfani da shi a ranar, kada ya bar shi a cike cikin zafi. Zuƙewa har sifili kuwa, a ganina sau ɗaya a wata uku ya isa, ko ran da aka ga lamba ta fara tsalle. Masu yin sa duk sati suna tsufar da batir ne a banza. In za a ajiye akwatin a yi doguwar tafiya, a bar shi a kashi 50 zuwa 60, a kashe shi ta babban maɓalli har allo ya mutu, a zare duk wayoyi, a sa shi a ɗakin da ya fi sanyi a gidan, kuma a bar wa wani amanar ya ɗauko shi bayan wata uku ya sa masa caji.